Layin da Ke Bangon Siton Taba

Kodiak, Alaska
4 ga Mayu

Zuwa ga yayata Lorene,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙaninki na ƙarshen duniya. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Harlan da yara da jikoki. Allah ya sawwaƙa miki ciwon ƙugun nan, ya ba Harlan haƙurin zama da ke har a gama biki. Ni ina nan, shekara ashirin da shida ina feɗe kifi a masana'anta, gwiwa ta gaji, kuma kifin nan nasu duk girmansa bai kama ƙafar tarwaɗar da Mama ke soya mana da garin masara ba.

Takardarki ta iso. Kin ce ranar da garinmu Pruitt Landing zai cika shekara ɗari biyu, ke shugabar kwamitin tarihi za ki buɗe allon tagulla a bangon tsohon siton taba, daidai kan layin babbar ambaliya, har kin gayyaci mutanen Coalport na hayin kogi su zo su gani. Kin ce in rubuto wani abu mai daɗi na yarintarmu don littafin biki. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya tambayi ko ina numfashi, sai yau da ake neman abin cika shafi. Ba komai. Ga labarin yarintar, amma ki nemi kujera tukuna.

Kin san yadda ake yi, duk sanda ruwa ya janye sai a ja layi da baƙin fenti inda ya tsaya, a rubuta shekara. Layin sama shi ne na shekarar da aka haifi Babanmu. 'Yan Coalport ma suna da nasu a bangon coci, wai ya ɗara namu da ƙafa ɗaya. Kogi ɗaya, ruwa ɗaya, amma kullum 'ya'yansu na yi mana gori wai ko nitsewar kirki ba mu iya ba. Ina shekara goma abin ya ishe ni. Wata Lahadi ni da Delbert ɗan Kawu Floyd muka ce cikinmu na ciwo, gari duk yana coci, muka ɗauko tsanin Kawu, muka kankare layin gaskiya, muka ja sabo. Delbert ya ce mu ƙara ƙafa biyu ya isa, na ce tunda mun riga mun hau, huɗu za mu yi.

Washegari kowa ya gani, Yaya. Fasto ya tsaya ya cire hula ya ce lallai ikon Ubangiji da girma yake. Gentry mai aski ya ce shi dama jikinsa ya daɗe yana ba shi cewa ruwan ya fi haka. Mutum ɗaya ne ya ƙi, Baba Orval Tackett mai jirgin fito, wanda ya kwashe rabin gari daga kan rufin gidaje a waccan ambaliya. Ya ce a zoben ƙarfen nan na bango ya ɗaure jirginsa ranar, in har ruwa ya kai sabon layin, to a ƙarƙashin ruwa ya yi ɗaurin, shi da kifaye. Aka ce tsufa ne. Aka ce 'yan Coalport sun saye shi tunda su yake yi wa fito. Yara suka sa masa Baba Tarwaɗa, kuma muryata ta fi ta kowa. Ran nan a cikin jirgi ya kalli faratana, ya ce baƙin fenti da wuyar fita yake, in gwada kananzir. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kai ke nan, har ya mutu ana ce masa ruɗaɗɗe.

Garin nan bai tsinana mini komai ba, amma ni ma ga abin da na yi masa. Delbert ya rasu, saura ni. Ba na so ki tsaya gaban baƙi da sabuwar hula ki rantse a kan aikina. Ki sauko da allon zuwa wurin zoben, ki sa sunan Baba Orval a kai, jikarsa Opal ta ja ƙyallen da aka rufe allon da shi. 'Yan Coalport sun fi mu nitsewa da ƙafa ɗaya, a bar musu, su suka sha ruwan. In kina shakka, ki tura Harlan ya hau tsani ya leƙa bayan bututun ruwa, gefen hagu na layin. Zai ga shatin tafin hannu na baƙin fenti inda na dafa da zan faɗo. Ban taɓa jin ambaliya mai yatsu biyar ba.

Ki gaishe da Harlan, ki riƙe masa tsanin. Ki gaishe da Goggo Maxine, wadda ta ba mu maganin ciwon ciki a ranar, da Opal, in za ta amsa. Takardar nan kuwa ki buga ta yadda take, da cikakken sunana, ko banza a tuna da ni.

Ƙaninki,
Merle