Sunan da Talab Ya Kira

Litinin, 6 ga Mayu

Har yanzu muna tsibirin Uligan, iska ta hana mu fita. Da mu da jirgin mutanen garin Salaya ne a mafakar, sai da hantsi wani jirgi ya shigo ya saki anga dab da mu. Tun daga nesa na gane koren fentinsa. Jirgin Talab ne. Daga kansa Yaya Junas ya faɗa teku bara, ko hularsa ba a gani ba. An ce Talab ne ya tura shi ɗaure tamfol ana tsakiyar guguwa, kuma zagaye ɗaya ya yi na nemansa ya wuce abinsa.

Kyaftin ɗinmu, Baffa Siddik, ya same ni a ɗakin inji. "Abhu, ka riƙe bakinka, ka riƙe hannunka." Na ci gaba da aikina.

Talata, 7 ga Mayu

Shayin la'asar a jirgin Salaya, kamar kullum. Ana buga kati, kukunmu Harun yana tsokanar masu jirgi: "Wannan shayi ne ko ruwan wankin kofi?" Ana cikin dariya Talab ya hau tsani. Kowa ya shiga satar kallona. Ya bi mutane yana gaisawa, ya iso kaina ya miƙo hannu. Kofi na riƙe da hannu biyu.

Ya rame. Ba ruwana.

Laraba, 8 ga Mayu

Na kira Inna a garinmu, Mandvi. Ban gaya mata Talab yana nan ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Sun shirya gobe bayan sallar Juma'a duka jirage za a je wani ɗan tsibiri da ke kusa a gasa kifi. Na ce ba ni zuwa. Harun ya ce, "To wa zai tayar mana da injin kwalekwale, aljanu?"

Na wasa wuƙa. Ta gyaran kifi ce. Baffa Siddik ya gani, ya karɓa ya miƙa wa Harun, ko kallona bai yi ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Sai yanzu na iya zama in rubuta.

Mun je. An haɗa wuta da ɓawon kwakwa, ga kifi, ga gurasa, ga barkono. 'Yan Salaya suka kafa wasan ƙwallo a kan yashi, wani yana kiɗa da gindin bokiti. An zaunar da ni can, Talab can, Baffa Siddik a tsakani kamar katanga. Talab bai ci komai ba. Bini-bini ya miƙe ya ƙirga mutanensa da yatsa. Duk wanda ya nufi ruwa sai ya daka masa tsawa: "Iya gwiwa! Na ce iya gwiwa!" Suna yi masa dariya a bayan ido.

Da hadari ya taso aka ce a tattara. Talab ya ƙirga, mutum ɗaya babu: Ilyas, mai ɗaure musu kaya. Takalmansa na bakin ruwa, ta gefen da igiyar ruwa ke ja. Muka watsu muna ƙwala kira. Ina juyowa na ga Talab ya faɗa ruwa da kayansa, har ƙirji, yana ƙara gaba. Yana ihu. Ba Ilyas yake kira ba.

"Junas! Junas! Ga ni nan, kama igiya!"

Babu igiya a hannunsa.

Ni na fi kusa, shi ke nan dalili. Na bi shi, na shaƙo wuyan rigarsa ta baya. Ruwan yana jan ƙafafunmu, shi yana fizgewa. Na ce, "Baffa Talab, ba ya nan! Ba ya nan!" Sau biyu muka nutse. Ban san tsawon lokacin da hannuna ya yi a wuyansa ba, kuma ban san me hannun yake niyya ba da farko. Na dai jawo shi.

Muna kwance a yashi muna aman ruwa sai ga Ilyas daga bayan bishiyoyi, rungume da kwakwa, yana tambaya wa ya mutu. Harun ya kwaɗa masa bokiti a ka. Ba wanda ya yi dariya.

A hanyar dawowa Talab yana ta karkarwa. Wani mutuminsa ya raɗa mini cewa har gari ya waye suna zagaya wurin da Junas ya faɗa bara, sai da mai ya kusa ƙarewa, kuma su suka ƙwace sitiyari daga hannunsa. Na ce ban tambaye shi ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban je shayi ba. An ce Talab ma bai je ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Famfon kwashe ruwa na jirgin Talab ya lalace, makanikensu kuma ba ya jin daɗi. Jirgi ba ya zama babu famfo, ko na waye. Na je.

Ina aiki ya sauko da kansa, ya tsuguna yana miƙo mini sufana. Can ya ce, "Ɗana, in kana so, zan gaya maka yadda aka yi." Na ce ba yau ba. Ya ce to. Ya kawo shayi, sukari ya yi yawa. Na shanye.

Baffa Siddik ya ce iska za ta kwanta jibi. Gobe zan koma in duba famfon. Yana aiki dai, amma gara a sake dubawa.