Bakin Ƙaho Mai Zurfi

Zuwa ga Kawu,

Tambaya ɗaya kafin gaisuwa: ran faretin nan da kunnuwanka ka je, ko wurin rataya tabarau kawai ka mai da su? To, yanzu ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da iyali, da gwiwar nan taka.

Tunda ka hana ni shiga ɗakin gwaji, wayata kuma ka daina ɗauka, ta ƙarƙashin ƙofa za ka riƙa jina.

Na san laifina. A faretin yaye ɗalibai, da muka hau ƙarshen waƙa, muryar ƙahona ta fashe a sama. Sau ɗaya tak. A kan haka ka ɗaga ni daga kujerar ƙaho na farko a badujalarka, ka ɗora Dogo, ka ce ba zan dawo ba sai na jefar da abin da ka kira kofin shayi. Bakin ƙaho ne, Kawu, ba kofi ba. Kuma leɓena ne ke zama a kansa, ba naka ba.

Ba a bola na tsince shi ba. Wuni na yi a shagon kayan kiɗa, mai shago ya zube mini su a faranti, ina busa ɗaya bayan ɗaya har ya fara hamma da gangan. Marasa zurfin nan da kake so, kamar an taka wutsiyar mage suke: ihu da tsini, ciki fayau. Da na ɗora wannan, wanda kan ƙaramin yatsana ke nutsewa a cikinsa, sai murya ta yi kauri, ta yi sanyi, tana lanƙwasa duk inda na karkata ta. Wallahi muryar ƙahon Baba na ji. Wannan sautin da yake fitarwa daga layin baya, wanda ke sa tsofaffi su daina hira. Tun ina ƙarami shi nake nema, sai ranar na same shi.

Ka yi mini dariya a gaban mutane wai ilimin kwali gare ni. E, a jikin kwalaye da tsofaffin jaridu na koyi karatu, ba wanda ya zaunar da ni. Amma na karanta ɗan littafin da ke zuwa da ƙaho, wanda kai kake tokare taga da shi. An rubuta cewa leɓe sai a hankali yake sabawa da sabon baki. Lokaci kawai nake roƙo. Ka mai da ni kujerata kafin fareti na gaba.

Ka huta lafiya. Ɗan ƙanwarka,
wanda kuke kira Reza

*

Zuwa ga ɗan ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarka ta iso, mai shara ya ɗauko ta daga ƙasa. Gwiwa da sauƙi, na gode.

Ka sani badujala ba ta ɗaki ba ce, ta fili ce. Akwai ganguna, akwai iska, akwai jama'a masu surutu. Ƙaho na farko dole ya huda duk wannan ya isa kujerar ƙarshe. Sautinka mai sanyi a sahu na uku yake mutuwa. Wanda ya gayyace mu ba don tsofaffi su daina hira ya gayyace mu ba.

Game da mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, tunda kai ka kawo shi cikin maganar. A zamaninsa babu wanda ya kai shi hawa sama. Daga baya zuciyarsa ta mutu, ya nemi sauƙi, ya ɗauki baki mai zurfi, ya koma layin baya da ƙafarsa. Kowa a badujala ya san haka, ka tambayi Mai Ganga. Abin da kake kira daɗin murya, lalaci ne. Na yi shiru a kansa saboda ƙanwata, amma ba zan zuba ido ka gaji wannan ba.

Ka dawo da bakin da na ba ka, kujera taka ce. In ka ƙi, Dogo yana ƙoƙari.

Kada ka sake rubuta mini zancen kunne. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka, shugaban badujala

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata inda kake kwana akwai ruwan wanka. Tunda ka karanta mini takardar Yaya ka bugo mini ƙofa ka tafi, ban ga ƙeyarka ba. Ƙofar ba ita ta rubuta takardar ba, ka zo ka gyara mata sakata.

Abin da zan faɗa, bakina ba zai iya shi a gabanka ba, shi ya sa na rubuta. Ka kwance ƙyallen da ke cikin ambulan. Bakin ƙahon babanka ne. Ka duba da kyau, gefen hagu kaɗai farin ya goge.

Babanka ba malalaci ba ne. Wani lokaci aiki ya yi wa badujala yawa, fareti a kan fareti, ba wanda ke hawa sama sai shi. Ya ce wa Yaya leɓensa ya kumbura, a bar shi ya huta. Yaya ya ce a daure, an riga an yi alkawari. Ya daure har leɓen ya tsage daga ciki. Ni nake wanke masa hankici, na san kalarsa. Shayi ma sai na fifita masa ya huce kafin ya iya sha. Da ya warke, wurin ya yi tauri, sama ta gagare shi har abada.

Wannan bakin Yaya ne ya kawo shi gidan nan da hannunsa, ya ce zai fi masa sauƙi a layin baya. Babanka ya riƙa karkatar da shi gefe don ya kauce wa tabon. Da 'yan badujala suka tambayi dalilin sauka, Yaya ya ce mutumin ya gaji, lalaci ya kama shi. Babanka bai ƙaryata shi ba, don yayana ne, kuma ni ce a tsakani.

Na sha ganin jan zoben nan a leɓenka in kun dawo daga fareti. Sai ranar da ka shigo da mai zurfi na yi barci. Ka riƙe shi. Kujerar ta tafi, ba komai.

Abu ɗaya nake roƙo: ka bar maganar a nan. Uwarmu ɗaya da shi, kuma ya tsufa.

Allah Ya yi maka albarka.
Innarka

*

Inna,

Ina gaisuwa. Gobe zan zo in gyara sakata.

Na sa bakin Baba a ƙahona na busa. Sai da na karkatar da shi hagu muryarsa ta fito sak. Ashe duk shekarun nan ciwo nake kwaikwayo, ina ce masa daɗi.

Roƙonki kuwa, ki yafe mini. Shirun Baba ya ishi gidanmu. Na haɗu da Dogo a bakin titi yana danna ƙanƙara cikin hankici a leɓe, ya ce Kawu ya ce a daure.

Ɗanki

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa, tunda an koya mini.

Ka riƙe kujerarka, na daina roƙo. Amma ka ce in tambayi Mai Ganga, don haka a gabansa zan yi tambayar. Wannan takarda ba ta ƙarƙashin ƙofa za ta bi ba, a jikin ƙofar na manna ta, kowa ya karanta kafin ka iso da gwiwarka.

Ranar gwaji zan zo da ƙahona, da bakina mai zurfi, da na Baba. Zan ajiye nasa a kan babbar ganga, kowa ya ɗauka ya juya, ya ga gefen da ya goge. Masu busa ne, ba sai an yi musu bayani ba. Dogo ma ya sauke hankicin daga bakinsa su gani.

In ka kulle ƙofa, a bakinta zan tsaya in busa irin ta Baba har ka fito.

Wa ya kawo masa wannan bakin, kuma me ya sami leɓensa kafin a kawo shi? Kada ka aiko mini da takarda. A gabansu ka kira shi malalaci. A gabansu za ka amsa.

Ɗan mamacin