Yatsana Nake Sawa a Madadin na Baba

Anti, don Allah ki taimake ni. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, kuma wannan maganar ko Mama ban gaya wa ba.

Shekarata goma sha huɗu, a aji shida na tsaya. Babana mai injin niƙa ne. Ya yi shekara ashirin yana shaƙar ƙurar gari, yanzu huhunsa ya lalace. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango. A asibiti wata nas ta sa mana wani abu a waya. Ana ɗora yatsa a kan kyamara, fitila ta kama, sai lamba ta fito mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Mama ba ta iya waya ba, don haka kullum da safe ni nake auna shi in tura wa nas. Har tsokanata yake yi, wai likitar da ba ta da allura.

Wata biyu da suka wuce lambar ta fara sauka. Ranar da ta nuna tamanin da takwas, ya riƙe hannuna ya roƙe ni kada in tura. Ya ce kwantar da shi za su yi, kuma yayansa a gadon asibiti ya rasu, shi ba ya so ya mutu inda ba ya jin muryarmu. Ban taɓa ganin Baba yana roƙon wani ba. Sai na sa yatsana. Ta nuna casa'in da takwas, na tura. Tun daga ranar haka nake yi.

Jiya nas ta turo saƙo tana murna, wai tunda sauƙi ya samu an ɗaga ranar ganin likita zuwa wata mai zuwa. Anti, leɓensa ya fara duhu. Ba ya ƙarasa magana sai ya huta. A zaune yake barci. In na faɗa, na ci amanarsa. In na yi shiru kuma, ina tsoron abin da ba na iya rubutawa.

'Yar mai niƙa

'Yata, ban ga mugunta a abin da kika yi ba. An ɗora miki kayan da ya fi ƙarfin wuyanki. Tsoron Babanki ma ba na banza ba ne. Wanda ya ɗauko gawar ɗan'uwansa daga asibiti, dole gabansa ya faɗi in an ambaci gado.

Amma ki saurare ni da kyau. Wata biyu ke nan nas lafiyarki take dubawa, kuma da ita ake tsara maganinsa. Waya takan yi kuskure, amma duhun leɓe da yankewar numfashi ba su da sauran jira. Ki gaya wa Mamanki yanzu. Ku kira nas, ki faɗa mata ranar da kika fara, kada ki rage komai. Ko ta yi faɗa, ba zai daɗe ba. A kai shi asibiti yau.

Ku gaya wa likita ainihin abin da yake tsoro. Ku tambaya ko za a bar ɗayanku ya zauna kusa da shi, da kuma irin kulawar da za a iya ci gaba da ita a gida. Daga nan kuma Mama ta riƙa tsayawa a wurin awon, kada a sake barin ki ke kaɗai.

Ba zan ce miki zai warke ba, irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu bai kalle ki ba. Ki daure. Gara ya yi fushin yana numfashi.

Allah Ya ba shi sauƙi, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.