Yayana ne ya fasa fangalin albasa, wani aka kama

Admin, a sakaya sunana.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kwana shida ke nan ina riƙe da wata magana, ban san inda zan aje ta ba. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ba ni da yawan magana, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki.

Samarin garinmu, nan kusa da Goronyo, sun haɗa tseren keke ranar Asabar, daga bakin kanal ɗin ban ruwa a zagaya ta cikin gonakin rani a dawo. Yayana Nasiru yana cikinsu da kekensa mai giya, shi ya ce in je in tsaya a kwanar ƙarshe in miƙa masa ruwan leda. Abin da na fara lura da shi da na isa, hanyar tana ƙyalli. Ashe waɗanda sunka shirya tseren ba su tambayi manoma ba, sun sa shi ranar da layin ban ruwa ya faɗo kan wannan ɓangaren, ƙasa duk ta jiƙe, wani wurin ma laka har idon sawu.

Daga inda nake tsaye ina hangen gonar Baba Modi, wani dattijo maƙwabcinmu, inda ya yi renon irin albasar da zai dasa. An cika fangalin, wato kwamin renon, da ruwa da safen nan. Duk ɗan garinmu ya san ba a taka kunyar fangali ranar ban ruwa, ko akuya kora ta ake. Da masu tsere sunka taho sai na ga mutum biyu sun maƙale a laka, Yaya yana bayansu, ya waiga, ya karkata ya hau kan kunyar Baba Modi don ya wuce su. Tayar baya ta zame ta yanke kunyar, ya ratsa ta cikin irin, ya fito ta ɗaya gefen. Ya karɓi ruwan a hannuna bai ko dube ni ba. Shi ya zo na ɗaya, anka ba shi sabbin tayoyi da buhun taki.

Bayan ya wuce ne Lawali ya iso, yayan ƙawata Luba wadda muke zama benci ɗaya. Da ya ga ruwa yana kwashe irin zuwa cikin lambatu sai ya yar da kekensa, ya shiga yana ɗibar laka da hannu yana toshe wurin. A haka Baba Modi ya same shi, keke a kwance cikin fangali, shi kuma tsamo-tsamo. Lawali ya rantse a fashe ya tarar da shi, babu wanda ya yarda. Ina tsaye ga ni ga su, maza sun taru ana ta hayaniya. Na dawo gida.

Abin da ya fi damuna, Baba Modi ne ya ara wa Lawali ɗan fili yana noman rani a ciki, da shi yake taimakon mahaifiyarsu tun rasuwar babansu. Yanzu ya ce ya karɓe filinsa, ranar Juma'a zai ba wani. Ya ce ba ɓarnar ce ta ƙona masa rai ba, ƙaryar ce.

Ranar Lahadi Yaya ya sa ni wanke keken. Tsakanin sarƙa da giya na zaro ganyen irin albasa sirara, har da 'yan saiwoyinsu farare, hannuna ya yini yana warin albasa. Na kai masa na nuna masa, ya yi dariya ya ce, "To malama mai ido huɗu, mi kika gani? Ciyawa ta." Na ce na gan shi da idona. Nan dariyar ta ɗauke, ya yi ta faɗa, wai laifin masu shirya tsere ne, wai ko ba shi ba wani zai bi ta wurin, wai in na buɗe baki na nuna wa duniya ban san ciwon ɗan'uwana ba. Daga baya ya sassauta murya ya ce in bari ƙura ta lafa, Baba Modi mai saurin hucewa ne.

Ba mugu ba ne Yayana. Shi ke kai ni makaranta a bayan keken nan kullum, damina da rani. Babanmu kuma tun da nake ban taɓa jin ya yabe shi ba, kullum keken nan sai ya kira shi aikin banza, amma ranar tseren har a masallaci ya ba da labarin nasararsa. In Baba ya ji gaskiya ban san abin da zai faru tsakaninsu ba. Ga kuma Luba, jiya ta ce mini, "Ke da kike tsaye wurin, ba ki ga komi ba?" Na ce rana ta hana ni gani. Ta gyaɗa kai ta raba mini awararta kamar kullum.

Mi zan yi? In gaya wa Innarmu, alhali na san ba ta ɓoye wa Baba komi? In je wurin Baba Modi da kaina, ni da ko gaishe shi da ƙyar nake yi? Ko in yi shiru Lawali ya rasa filinsa?

Abin da na iya kawai, yau da safe da muna hanyar makaranta, tunda ba ya ganin fuskata, na ce masa, "Yaya, don Allah ka tai wurin Baba Modi kafin Juma'a. Ba sai ka tai kai ɗaya ba, zan raka ka in tsaya a ƙofar zaure har ka fito."