Tsokar Naman Maraba

Laraba, 18 ga Disamba, 1991. Garki.

Baba ya yi barci jingine da filo uku, sai yanzu na samu zama in yi rubutu.

Kwana tara da tasowarmu daga Legas zuwa sabon babban birnin tarayya tare da ma'aikatarmu, kullum sai maƙwabta sun aiko da abincin maraba. Yau Malam Audu na gidan sama ya kawo farfesun rago da kansa, ya zauna sai an ɗanɗana. Tun da ciwon daji ya toshe wa Baba hanyar abinci aka sa masa bututun roba a maƙogwaro, likita ya hana shi komai sai abin da aka dama ko aka tace. Baba ya sani sarai, amma ya kai tsoka baki.

Malam Audu na fita ta maƙale a bututun. Ko yawu ya ƙi wucewa. Na yi ta ba shi lemon kwalba kaɗan-kaɗan kamar yadda aka koya mini, da ƙyar ta sauka. Likitansa yana Legas, nan ko hanyar asibiti ban sani ba.

Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Baba, don me?"

Ya ce, "'Yar nan, mutum ya tako da ƙafarsa, in ce masa ba na ci?"

To ni zan faɗa. Gobe kafin ofis zan nemo asibiti, sannan in bi maƙwabta gida-gida in gaya musu ciwon da Baba ya hana a ambata. Na san zai daina yi mini magana. Gara ya yi fushin yana raye.