Hannu Kawai Muka Ce

Bungudu, ranar Talata.

Zuwa ga Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Inna Delu da ciwon ƙafarta, da sauran mutanen gidanku na Damba a nan Gusau. Mu nan jiki lafiya ƙalau. Zuciya kuwa ke kika san abin da kika yi mata.

Kin san tun da aka rufe layukan waya ba mu da sabis a Bungudu, ku na Gusau kaɗai aka buɗe wa. Shi ya sa na koma biro da takarda, zan ba Malam Isah direba ya kawo miki. Da waya tana shiga, da kunnenki ya ji abin da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Jiya maigidan ya shiga Gusau, ya ce bari ya leƙa shafin lallenmu na intanet da nake ta cika masa baki a kansa. Ya ga ƙananan hotunan hannuwa a jere, ya taɓa na farko. Sai ga ƙanwarsa Bara'atu ta cika masa waya: kai ba ɗankwali, gashi a tsefe, daga ita sai ɗaurin ƙirji, tana dariya. Hoton ranar ƙunshin aurenta ne, wanda ta yarda muka ɗauka don na rantse mata hannu kawai za a gani.

Ki tuna ranar da muka zauna a tsakar gidanku muna zaɓen manhajar da za mu gina shafin. Biyu muka ware, duka na kyauta. Ni na so wadda take ba mutum biyu mabuɗi, wadda hoto ba ya fita sai ɗayan ya duba ya amince. Ke kika ce tana da wuyar koyo, kika nace a kan wadda ake loda hoto daga waya nan take, wai ita da kanta take yanke shi daidai. Da na yi gardama kika ce ni 'yar littafi ce, komai sai na ja shi babi-babi. To ga yankan nata. Ashe na ganin ido ne, cikakken hoton yana nan kwance a baya yana jiran yatsa.

A Tsafe, inda Bara'atu take aure, har yanzu ba sabis. Amma mijinta Bashar da 'yan'uwansa mata duk sun san sunan shafin, mu muka yi ta faɗa musu ranar biki. Ranar da aka buɗe musu layi, abin da za su fara nema ke nan. Mabuɗin yana hannunki ke kaɗai. Ki goge hoton nan yau, ba gobe ba.

Ki gaishe da Inna.

Ni ce,
Zahra'u.

*

Bungudu, ranar Asabar.

Wasila,

Sallama irin ta addini, da fatan kowa lafiya. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin murhu, saura kaɗan in cusa ta ciki.

Wato kin canja waya, kin manta kalmar sirrin, kuma lambar da za a turo don a buɗe miki tana zuwa ne layina. Na tuna. Ranar da na ce a yi mai mabuɗi biyu, sai kika ce bari ki sa lambata don in daina ƙorafi, kamar yadda ake miƙa wa mai kuka alawa. Yanzu shafin yana Gusau, layin yana Bungudu inda ko gaisuwa ba ta shiga. Wannan ce manhajar mai sauƙi da kika zaɓa mana.

Kika ce in sa sim ɗina a ambulan in ba direba. A'a. A layi na gaba na takardar taki kika rubuta cewa hoto ne kawai, kuma tun da kika sa shi amare suke ta kiranki. Wadda ta iya rubuta wannan ba zan damƙa mata layina ba. Wa ya sani ko ki buɗe, ki sake yi masa wancan yankan na ƙarya, ki ce min an gama?

Ba ki tambayi halin da nake ciki ba, amma zan faɗa miki. Maigidan bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Yana cin abincina, ya ce an gode, ya tashi. Da can bayan la'asar yakan zauna a kan tabarma ya ce in karanto masa littafi daga inda muka tsaya, yana yi wa jarumin dariya wai ba namijin da ke magana haka. Tun ranar nan littafin yana kan taga a kife. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba. Kullum na je gaishe ta sai ta ce yaushe za a nuna mata hannun autarta a waya, ni kuwa in sunkuyar da kai.

A littattafan da kike min gori da su, na sha karanta aminiyar da ta juya baya, ina cewa marubuta ne ke ƙara gishiri. Ko a cikinsu ban ga wadda ta yi ciniki da gashin amarya ba.

Ana ta raɗe-raɗin an kusa buɗe layi. Na roƙi maigidan izinin zuwa Gusau da layina, ya ce shi zai kawo ni da kansa ranar Litinin. Ki zauna a gida. Kada in zo a ce kin tafi ƙunshi.

Zahra'u.

*

Bungudu, ranar Jumma'a.

Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Ki yi wa Inna Delu godiyar furar da ta dama min, ki ba ta haƙuri ban sha ba. Ba da ita nake ba.

Na san kina jin haushin abin da na yi a ɗakinki. Kin zaci da lambar ta shigo zan goge hoto ɗaya in miƙo miki wayar. Ni ma haka na yi niyya. Amma da na shiga ma'ajiyar hotunan na taɓa na Hafsat ta Furfuri, sai ga wuyanta da kafaɗunta. Na taɓa na gaba, ga fuskar matar mutane tana barci da lalle a ƙafa. Kina tsaye a kaina kina cewa in bari za ki gyara su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na goge shafin gaba ɗaya.

Kada ki ɗauka ke kaɗai kika yi asara. Kowane hoto akwai ɗan labarin da na rubuta a ƙarƙashinsa, na furen da ya hau yatsa yana neman zobe, na kurciyar da na ɓoye a tafin hannun Bara'atu. Ban ajiye su a ko'ina ba. A mota na yi ta kuka har Bungudu, da muka sauka maigidan ya karɓi jakata ya riƙe min.

An buɗe layi shekaranjiya. Kiran farko da ya shigo min na Bara'atu ne daga Tsafe, tana shagwaɓa wai Bashar ya nemi shafin bai samu ba, ina hannun nata? Na ce mata yana zuwa. Sannan na faɗa mata gaskiya duka, don gara ta ji a bakina. Sai ta tambaye ni mutum nawa suka gani. Na ce mata ban sani ba, Wasila. Ke ma ba ki sani ba.

Na fara sabon shafi da waccan manhajar mai wuyar koyo. Gaskiyarki, tana da wuya, jiya har tuwo ya kama ina fama da ita. Yanzu kowane hoto a waya nake yanke shi tun kafin in loda, in goge na asalin. Manhajar ta tambaye ni wa zan ba mabuɗi na biyu, wanda ba abin da zai fita sai ya amince. Na daɗe ina kallon wurin, don tun muna 'yan makaranta a Tsafe duk inda aka ce in kawo mutum na biyu sunanki nake kawowa.

Na rubuta Bara'atu.

Kwanon lallenki da robobin zanenki suna wurin Malam Isah, ki aika a karɓa a tasha. Zan tsaya nan, an yi la'asar, na ji ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Ki gaishe da Inna.

Zahra'u.