Inna Ce Ta Biyar

Zuwa ga ƙanena Laminu, Autan Inna, a Lyon ko duk inda ƙafa ta kai ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta kamaci ɗan'uwa: ina gajiya, ina sanyin garinku, ina zaman baƙunta. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. In ka tambayi tawa lafiyar, sai godiya. Sauran bayani yana can ƙasa, in kana da haƙurin kaiwa.

Na san ba kai kaɗai za ka karanta ba, duk masu bin shafina za su gani, har da mutanen gida. Kai ka ja. Ka sauya lamba sau biyu, wasiƙar da na aika maka ta dawo mini ko buɗe ta ba a yi ba. Shekara biyar ina rufa maka asiri, yau na gaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka tuna faifan goron Inna a gidanmu na Damagaram? Biyar-biyar take ƙirgawa, in ta yi sau ashirin ƙwarya ta cika. Kana ɗan shekara shida kake riga ta faɗin jimla, ita kuwa ta yi ta dariya tana cewa, "Kan Auta ba irin namu ba ne." Ranar da mushenku na lakkol, wato malamin makarantarku, ya tako har gida don ya yaba maka, goro goma ta ƙulle masa. Inna da ko ɓari ɗaya ba ta bayarwa banza!

Da ka samu burs, wato tallafin karatu a Faransa, ni na tarbe ka a filin jirgi da rigar sanyin da na sayo maka a kasuwar Barbès. Hannunta ya yi maka tsawo, sai da muka naɗe. Wata biyu kana kwana a kan katifa a ɗakina na Aubervilliers, a gefen Paris, kafin ka wuce Lyon karatu. Na tambaye ka wane irin lissafi za ka karanta, ka ce na auna yiwuwar abu ne, wato sanin sau nawa abu kan faru in aka maimaita shi. Ban gane ba, amma na yi ta baza labari a gidan tsofaffin da nake aiki. Ina wanke uwayen mutane ina yi musu alfahari da ƙanena.

Shekararka ta uku ka zo mini hutu. Wata Lahadi bayan azahar ina tsince wake, ka zaro karta daga aljihu, ka ture mini tire, ka ɗebi waken ka ce shi ne kuɗi. Wai za ka nuna mini poka, wasan da ake yi a kazino, gidan wasan kuɗi.

Har yau ban manta darasin ba, don ka iya koyarwa, Allah ya isa tsakanina da iyawarka. Kati hamsin da biyu ne, gida huɗu, kowane gida goma sha uku. Kowa yana riƙe da biyu a ɓoye, ana buɗe biyar a tsakiyar tebur. Ka nuna mini biyu masu zanen zuciya a hannunka. A tebur an buɗe huɗu, biyu daga ciki su ma zuciya ne. Ka ce in na ƙarshen ya fito zuciya ka ci. Saura zuciya tara ke nan a cikin arba'in da shida da ba ka gani ba, kusan ɗaya cikin biyar. Ka ce in abin da ke tsakiyar tebur ya ninka abin da za ka zuba fiye da sau huɗu, sai ka shiga. In bai kai ba, ka janye hannunka.

Na ce maka wannan ai caca ce. Ka ce, "Ɗan caca fata yake yi, Yaya, ni ƙirga nake yi." Na ce ko ka raɗa wa kare suna Rago, ba a layya da shi. Ka yi dariya har da buga tebur, wake ya watse a ƙasa, ni na duƙa na tsince.

Sannan ka faɗi maganar da ta zame mini ƙaya har yau. Ka ce, "Ba hannu ɗaya ake dubawa ba, hannu dubu ake dubawa. Wanda lissafinsa ya yi daidai, in ya faɗi yau zai tashi gobe."

Daga nan karatu ya bi ruwa. Ni kuma, shashasha, na zama mai ɗinke maka ɓaraka. Duk Juma'a in Inna ta kira ta ce ina Auta, sai in ce aiki ne ya yi masa yawa a banki. Banki! Ni da ko ƙaryar wasa ban iya ba, na ƙware saboda kai. Da bakin da nake salati da shi nake yi wa uwata ƙarya, kai kuwa ko sannu ba ka taɓa ce mini ba.

Bara, farkon damina, Kawu Ila ya kira mu, ni da kai. Ya ce cikin Inna ne ya matsa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Ya ce jiki da sauƙi, amma in da hali mu zo mu gan ta. Laminu, kai ba baƙo ba ne a cikinmu. Ka san dattijo irin Kawu ba ya ce wa mutanen da ke bayan teku "ku zo ku gan ta" don ciwon kai. Ka kuma san abin da mutanenmu ke yi kafin a shiga da su ɗakin tiyata: a tara 'ya'ya, a yafi juna baki da baki, a sauke duk wata amana. Kai da kake gane mai ƙarya a tebur daga yadda ya haɗiye yawu, muryar Kawu ce ta gagare ka karantawa? Ka gane sarai.

Maimakon ka nemi tikiti, sai ka nemi lamba. Ka kira likitan da kanka, ka matsa wa bawan Allah da tambaya har ya gaji ya ce cikin biyar masu irin ciwonta, huɗu kan tashi. Ka kira ni kana murna kamar wanda aka yi wa albishir. Ka ce akwai wata gasa ta kwana uku a Lyon wadda ka daɗe kana shiri, in yi gaba, za ka biyo ni mako mai zuwa. Ka ce, "Huɗu cikin biyar, Yaya. Ko wane gwani zai shiga da wannan hannun."

Na tafi ni kaɗai. Jirgi biyu zuwa Yamai, sannan yini guda cur a mota zuwa Damagaram. Da na shiga ɗakin asibitin, Inna ba ni ta fara kallo ba. Bayana ta kalla, wajen ƙofa.

An shiga da ita ranar Alhamis da hantsi. Kafin la'asar ta cika, kafin magariba an kai ta makwancinta. Ka san gida, ba a ajiye gawa jiran wani. Ni na zuba mata ruwan wanka tare da Gwaggo. Na wanke tsofaffin Faransa sun fi a ƙirga, amma ranar na kasa, sai Gwaggo ta karɓe moɗar.

To malamin lissafi, zo ka warware mini wannan. A tebur, ɗaya cikin biyar ɗin nan shi kake zuba wa kuɗi, ka zura ido kana jiran ya faɗo, don ka san yana faɗowa. Ran Inna kuwa sai ka ce ba zai faɗo ba. Lissafin bai yi ƙarya ba, likita ma bai yi ƙarya ba. Wataƙila wasu mata huɗu sun tashi sun koma gidajensu, Allah ya ƙara musu lafiya. Inna ce ta biyar. Kuma hannu dubun da kake faɗa, ina za ka samo shi? Uwa nawa Allah ya ba ka da za ka faɗi yau ka tashi gobe?

Na ji an ce ka ci wani abu a gasar. Barka.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ban zo nan in wanke kaina ba. Da ka kira washegari kana kuka, na ce maka Inna ta tafi tana kallon ƙofa tana tambayar Auta. Gaskiya ce, amma rabi ce. Ɗaya rabin na danne shi da gangan, don ina so ya ci ka kamar yadda yake ci na. Ka aiko da kuɗi a yi sadakar bakwai, na mayar maka, na ce ba za su shiga tukunyar Inna ba. Ashe nima na iya ɓoye kati. Tun daga ranar ban sake jin muryarka ba.

Da abin ya yi mini nauyi, bayan salla babba na hau jirgin ƙasa na zo Lyon. Wani ɗan Maraɗi da kuka yi karatu tare ya kwatanta mini kazinon da kake zama. Ni Rakiya, da ɗankwalina da carbi a jaka, na miƙa wa mai gadi takardar izinin zamana ya duba, na shiga gidan caca da ƙafata. Ana la'asar a waje, a ciki kuwa ko taga babu balle ka san inda rana take.

Na hango ka. Ka rame, ka sa baƙin tabarau, kana juya 'yan faya-fayan nan na roba da kuke sawa a madadin kuɗi. Na tsaya jikin igiyar da ta kewaye teburin. Ka ɗago, ka cire tabarau, idonmu ya haɗu. Wallahi Laminu, ko gashin girarka bai motsa ba. Fuskar da ka koya don kada abokan wasa su san abin da ke hannunka, ita ka nuna wa 'yar uwarka. Ka mayar da tabarau, ka tura faya-fayanka tsakiya.

Na jira ka a waje har duhu ya yi. Ba ka fito ba, ni kuma na rantse maganar Inna ba za ta fita daga bakina a cikin wancan gidan ba. Na koma Paris da kayana kamar yadda na zo da shi. Kuka na yi tun daga Lyon har muka iso, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta miƙo mini hankici.

Ga dalilin wannan takarda. Ranar Laraba mai zuwa za a yi mini aiki a nan Paris. An ga wani abu a ƙirjina, an ce sai an cire. Ba zan shiga ɗakin nan da amanar mamaciya a wuyana ba. Don haka buɗe kunnenka, ga rabin da na ɓoye.

Da safen Alhamis ɗin, kafin a tura gadonta, Inna ta kama hannuna ta ce, "Rakiya, bar wahalar da kanki da zancen banki. Na daɗe da sani. Ma'aikacin banki ba ya barci har azahar." Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ta ce, "Ki gaya wa Auta na yafe masa duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ki ce kada ya ce rashin zuwansa ne, kwana ne in ya ƙare ya ƙare. Ki ce masa kan nan nasa ni na san darajarsa, kada ya ƙarar da shi a kan takarda mai zane." Ta sa na maimaita mata sau biyu, kamar yadda take sake ƙirga goro in ba ta yarda da hannun mai saye ba.

Shi ke nan, na sauke. Wata goma sha huɗu kana yawo da tunanin uwarka ta tafi da fushinka, alhali yafiyarka tana ƙulle a bakin zanena. Wannan zalunci ne, ni na yi shi, kuma na san na yi. Ka yafe mini, Auta. Ka yafe mini tonon asirin nan ma.

Tawa yafiyar kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta nuna ba tukuna. Ina so in ba ka, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ba a aika irinta a rubuce. Inna ta so ta ba ka tata baki da baki ba ta samu ba, ni kuwa sai na ga idonka ba tabarau. Ɗakin yana nan inda ka san shi, hawa na huɗu, katifarka tana bayan ƙofa ban yar ba. Awa biyu ne daga Lyon a jirgin ƙasa, sai metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Na san abin da za ka fara nema. Eh, nima likita ya ba ni lamba, cikin kaza kaza kan tashi. Ba zan gaya maka ba. Na hana kowa ya gaya maka, kada ma ka wahalar da kanka da kiran Kawu. In za ka zo, ka zo ba tare da ka sani ba, yadda ɗan'uwa ke zuwa. Kada ka yi lissafi da ni, Laminu. Ni ma guda ɗaya ce.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta da jiran ƙofa. Allah ya kare ka daga sharrin abin da ka iya, ya juyo da kanka gida. In na tashi, alhamdulillahi. In ban tashi ba, Allah ya sa ka iso da sauran magana a bakina.

Yayarka da ta goya ka,
Rakiya
Aubervilliers